Ekklesiyar 'Yan'uwa: Masu Neman Allah A Tsakiyar Wuta

Ran Laraba 29 ga watan Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka auka wa Kwarhi, wani ƙauye da ke kusa da Mararrabar Mubi, cikin Ƙaramar Hukumar Hong ta Jihar Adamawa. Wanda bai san wurin ba sai ya ce ai ƙauye ne kamar sauran ƙauyukan da aka ci da yaƙi a wannan shekara. Amma a nan ne hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, watau wadda aka fi sani da EYN, a nan kuma Kwalejin Kulp take, inda ake horad da fastocinta. Ma'aikata da ɗalibai da iyalansu suka watse cikin daji da duwatsu, kowa da tufar da ke jikinsa. A ranar nan ce kuma garin Mubi ya faɗa hannun mayaƙan. Shugaban Ekklesiyar na lokacin, Rabaran Samuel Dali, da sauran manyanta, sai a Jos suka sami wurin kafa ofis na wucin gadi.

Duk mai bin addini, ko wane iri ne, ya san akwai wata tambaya wadda ba a cika ɗaga murya a yi ta ba, sai dai ta yi ta cin mutum a zuci sa'ad da masifa ta yi masa sallama: shin Allah yana ganin abin nan kuwa? In yana gani, yana ina? Fastocin wannan Ekklesiya ba a cikin aji aka yi musu tambayar ba. Gwauraye da marayu ne suka yi musu ita a sansanin gudun hijira, alhali su kansu fastocin ba su san inda nasu iyalan suka kwana ba. Amsar da Kiristan nan suka riƙe, da yadda suka yi ta ƙarfafa wa juna zuciya da ita, abu ne da ya kamata jama'ar ƙasar nan su sani, Musulmi da Kirista baki ɗaya, domin gobarar da ta ci su ba ta bar maƙwabtansu Musulmi ba.

Daga gindin tsamiya

Asalin wannan ɗariƙa daga Jamus ne, inda a 1708 mutum takwas, a ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, suka yi baftisma a wani kogi kusa da ƙauyen Schwarzenau. Tsanani ya kore su zuwa Amurka. Daga can ne Turawan Mishan biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka zo ƙasar Bura, suka yi sujadarsu ta fari a gindin wata tsamiya a Garkida ran 17 ga watan Maris, 1923. Ba a daɗe ba baƙin ciki ya shiga gidan, gama a 1924 matar Kulp, mai suna Ruth, ta rasu a Garkida, ita da jaririn da ta haifa. Kulp bai naɗe tabarmarsa ya koma gida ba, aka sa wa asibitin Garkida sunan marigayiyar, shi kuwa ya ci gaba da aiki wajen shekara 40. A asibitin Mishan ɗin nan na Lassa ne kuma, a 1969, wata nas mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi wanda ya yi ajalinta, shi ne yau duniya ke kira zazzaɓin Lassa. Watau dai tun daga tushe jama'ar nan ba baƙin makoki ba ne.

Ekklesiyar ta sami 'yancin kanta a 1972. Yawancin mabiyanta Bura ne, da Margi, da Kamwe, da Kibaku, da Kilba, da mutanen duwatsun Gwoza, amma Hausa ce ta haɗa su, da ita ake wa'azi da waƙa a majami'u masu yawa, shi ya sa sunan Ekklesiyar ma da Hausa yake. Abin da ya bambanta ta da ɗariƙu da dama shi ne ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa, bisa ga koyarwar Yesu Almasihu a wa'azinsa na kan dutse. Har yau sukan wanke wa juna ƙafa kafin su ci Jibin Ubangiji. To, mutanen da aka koya wa haka tun suna yara, su ne ƙaddara ta ajiye a daidai bakin dajin Sambisa.

A watan Yuli na 2020, Rabaran Joel Billi, wanda ya gaji Rabaran Dali a 2016, ya ba 'yan jarida lissafin ɓarnar. Ya ce an kashe 'yan Ekklesiyar fiye da 8,370, da fastoci 8, an raba fiye da 700,000 da gidajensu, an ƙone ko an rushe majami'u 300 daga cikin 586. Daga gundumomin Ekklesiyar 60, guda 7 ne kaɗai abin bai taɓa kai tsaye ba. Ya kuma ce daga cikin 'yan mata 276 da aka sace a makarantar Chibok ran 14 ga watan Afril, 2014, guda 217 'ya'yan Ekklesiyar ne. Ba abin mamaki ba ne, domin Turawan Mishan na 'Yan'uwa ne suka fara buɗe makaranta a Chibok tun shekarun 1940.

Rijiya tana nan

Akwai wa'azi iri biyu da akan ji a majami'un ƙasar nan, kuma a kunne sun yi kama, amma a lokacin wahala sai a ga bambancinsu kamar na dare da rana. Na fari yakan ce wa mutum in bangaskiyarsa ta isa, ba abin da zai same shi, cuta da talauci da maƙiyi duk za su kauce masa. Wannan wa'azi yana da daɗin ji, yana kuma cika majami'a a birane. Sai dai ranar da aka kashe mai gida a gaban matarsa, ba abin da irin wannan wa'azi zai bar mata sai ɗayan biyu: ko ta ce bangaskiyar mijinta ce ta gaza, ko ta ce an ruɗe ta. Na biyu kuwa ba ya yi wa kowa alkawarin cewa wuta ba za ta zo ba. Abin da yake cewa shi ne, in ta zo, mutum ba shi kaɗai ba ne a cikinta, aikinsa kuwa shi ne ya buɗe ido ya lura. Wannan na biyun shi ne tsohuwar koyarwar Kirista, shi ne kuma ya rage a hannun mutanen Gwoza da Michika da Chibok bayan kome ya ƙone.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi cikakke da Hausa a 1932, cike yake da labaran da masu wa'azi ke kafa hujja da su a kan haka. Wanda ya fi dacewa da mai gudun hijira shi ne na Hajaratu, uwar Isma'ilu, wadda Musulmi ma suka san ta sarai ta hanyar tasu ruwayar. A Littafin Farawa an ba da labarin yadda ta bar gidan Ibrahim da yaronta da salkar ruwa, ta yi ta gararamba a jeji har ruwan ya ƙare, ta kwantar da yaron a gindin wani ɗan itace, ta ja da baya don kada ta ga mutuwarsa. Abin da masu fassara ke jawo hankali a kai shi ne yadda taimakon ya zo. Ba a ce an haƙa sabuwar rijiya ba, cewa aka yi an buɗe mata ido ta ga rijiya. Ke nan ruwan yana kusa tun tana kuka, hawaye da tsoro ne suka rufe mata gani. A wani wuri can baya a littafin, ita ce ta ba Allah suna mai ma'anar wanda yake ganinta, ita da take baiwa, baƙuwa, korarriya.

Na biyu shi ne labarin samarin nan uku na Littafin Daniyel, Shadrak da Meshak da Abednego, waɗanda Sarki Nebukadnezzar ya sa aka jefa cikin tanderu. Yara 'yan makarantar Lahadi sun fi son ƙarshen labarin, inda suka fito ko ƙaurin hayaƙi babu a jikinsu. Manya kuwa, waɗanda suka binne nasu, sun fi tsayawa a kan abu biyu. Ɗaya, kafin a jefa su sun gaya wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi sujada ga gunki ba. Biyu, sa'ad da sarki ya leƙa, mutum huɗu ya gani suna yawo a cikin wutar, ba uku ba. Na huɗun bai tsaya a bakin tanderu yana jiran su fito ba, ciki ya shiga.

Haka kuma labarin almajirai biyu da ke tafiya Imuwasu bayan an gicciye Yesu, kamar yadda Kirista suka yi imani, ransu a ɓace, sun fid da zuciya. Wani baƙo ya tarad da su, suka yi tafiyar wajen mil bakwai tare suna taɗi, ba su gane shi ba sai da suka zauna cin abinci ya gutsuttsura gurasa. Annabi Iliya ma da ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, ba da wa'azi aka fara masa ba, barci aka bar shi ya yi, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan daga baya a kan dutse ya ji muryar Allah, ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai cikin wata 'yar siririyar murya. Duk labaran nan bakinsu ɗaya: Allah yakan kasance a wurin tun mutum bai farga ba, kuma sau da yawa cikin abin da ido ya raina ne, kamar ruwa, da tuwo, da abokin tafiya. Shi ya sa sunan nan Immanuwel, wanda ma'anarsa ita ce kasancewar Allah tare da mutane, ya fi ƙarfin waƙar Kirsimati a bakin waɗannan jama'a.

Inda suka duba

To, a ina mai gudun hijira zai duba? Wuri na fari shi ne ƙofar da aka buɗe masa. A Yola da Jos da Abuja, gidaje masu ɗaki biyu ko uku sun ɗauki mutane gomiya, wata da watanni, ba da kuɗin haya ba. Dubbai kuma suka ƙetara Kamaru, suka zauna a sansanin Minawao, suka kafa majami'unsu a can da kara da leda. Waɗanda suka koma gida bayan sojoji sun ƙwato garuruwan a ƙarshen 2014 da farkon 2015 suka tarad da kango, sai suka yi ta sujada a inuwar itatuwa da rumfunan kwano. Dattawansu ba su rasa tuna musu cewa a gindin tsamiya aka fara ba.

Wuri na biyu, wanda ya fi ba da mamaki, shi ne hannun wanda ba addininsu ɗaya ba. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa kusa da Abuja, wani ma'aikacin Ekklesiyar, Markus Gamache, ya jagoranci kafa unguwar 'yan gudun hijira tun daga 2014, bisa sharaɗin cewa Kirista da Musulmi za su zauna tare, ga majami'a ga masallaci. A lokacin nan da zato ya yi yawa, kowa yana duban maƙwabcinsa a kaikaice, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Irin wannan ba ga 'Yan'uwa kaɗai ya tsaya ba. A Jihar Filato, ran 23 ga watan Yuni, 2018, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya gaban maharan yana roƙonsu. Shi liman zai ce abin da Musulunci ya umurce shi ya yi. Kiristan da ya kwanta a kan tabarmar masallacin nan kuwa, in aka tambaye shi inda ya ga Allah ran nan, ba zai yi dogon tunani ba.

Wuri na uku shi ne suna. Dakta Rebecca Dali, matar tsohon shugaban Ekklesiyar, ta kafa wata ƙungiyar agaji wadda ke taimakon gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi. Ban da rabon hatsi da barguna, ta ɗauki wani aiki wanda ba mai ba da lada a kansa, watau bin sansani sansani tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe, da garinsu, da ranar da abin ya faru. A 2015 aka baje dubban sunayen nan a jikin manyan alluna a babban taron 'Yan'uwa na Amurka, a shekarar da ƙungiyar waƙa ta Zumuntar Matan Ekklesiya ta zaga majami'un ƙasar. A 2017 aka ba ta lambar girma ta Sergio Vieira de Mello a Janeba. Hikimar aikin a fili take. Wanda ke wa'azin cewa Allah yana ganin kowane mutum ɗaya ɗaya, bai kamata ya yarda matattunsa su zama lamba kawai a bakin rediyo ba.

Kuka ba saɓo ba ne

Amma fa dole a faɗi gaskiya, wannan kalma ta "Allah yana tare da kai" tana da kaifi biyu. In aka yi gaggawar faɗa wa wanda gawar ɗansa ba ta ko huce ba, takan zama kamar an toshe masa baki ne. Akwai masu ta'aziyya da ke ganin hawaye alamar ƙarancin bangaskiya ne, su sa mutum ya haɗiye baƙin cikinsa, daga baya ya fito masa ta hanyar rashin barci, ko shaye-shaye, ko dukan iyali. Shi kansa Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan wannan ba. Zabura da yawa kuka ne da ƙara ga Allah, ta 88 ma har ta ƙare ba a ga haske ba. Akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai ɗin da suka zauna shiru tare da shi, ɓarnarsu ta fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa. A bisa ruwayar Linjila, Yesu kansa ya yi kukan an yashe shi sa'ad da yake kan gicciye.

Ekklesiyar ta gane haka, shi ya sa ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, bisa wani tsari da aka aro daga Ruwanda, ƙasar da ta ga kisan ƙare dangi a 1994. Akan tara mutane kaɗan na kwana uku, a bar kowa ya ba da labarinsa, a yi magana a kan rashi, da fushi, da yadda za a sāke amincewa da mutum. Maganar gafara ba a farko take zuwa ba. Kuma ba kowa ne ya karɓe ta ba. Akwai samarin da suka ga koyarwar ƙin ramuwa ta yi musu nauyi, suna tambaya ko tsare ƙauye da iyali ma laifi ne, kuma wanda bai kwana a kan dutse da jariri a baya ba, bai kamata ya yi saurin yanke musu hukunci ba.

Kaifi na biyu kuwa ya shafi masu mulki. Haƙurin talaka da tawakkalinsa kan yi wa hukuma daɗi ƙwarai, domin yana rage mata surutu. Cewa Allah yana tare da mutanen Chibok bai sauke wa kowa nauyin tsare makarantar da aka bari a buɗe daren nan ba. Shugabannin Ekklesiyar ba su ɗauki wa'azinsu a matsayin dalilin yin shiru ba, gama a taron 'yan jaridan nan na 2020, bayan lissafin matattu, kira aka yi ga Gwamnatin Tarayya ta tsare rayukan jama'a, ta kuma ceto waɗanda ke hannu. Wata biyar kafin nan, ran 21 ga watan Fabrairu, mayaƙan sun shiga Garkida kanta, mahaifar Ekklesiyar, suka sa wa majami'u wuta.

Fastoci biyu

In ana so a auna wannan koyarwa a ga ko tana da nauyi, to, a dubi abin da ya sami fastoci biyu na Ekklesiyar cikin wata goma sha huɗu.

A farkon watan Janairu na 2020 mayaƙan suka shiga Michika, suka tafi da Rabaran Lawan Andimi, shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, watau CAN, na wannan ƙaramar hukuma. Bayan 'yan kwanaki aka fito da hotonsa na bidiyo, yana zaune, tutar mayaƙan a bayansa. Ya roƙi Gwamna Ahmadu Fintiri da shugabannin Ekklesiya su yi ƙoƙarin fid da shi, kamar yadda kowane kamamme zai yi. Amma abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne natsuwarsa. Ya ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya sami kansa a ciki yana hannun Allah. Ya ce da yardar Allah zai sāke saduwa da matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa, in kuwa ba a ba shi wannan dama ba, watakila nufin Allah ke nan. Ya roƙi nasa su yi haƙuri, kada su yi kuka, su gode wa Allah. Majami'u a ko'ina suka yi ta azumi da addu'a, aka kuma shiga cinikin fansa. Ran Litinin 20 ga watan Janairu aka kashe shi.

Ran jajiberen Kirsimati na wannan shekara aka auka wa ƙauyen Pemi, kusa da Chibok, aka kashe mutane, aka ƙone majami'a, aka kama Fasto Bulus Yakura. Shi ma a ƙarshen Fabrairu na 2021 aka nuna shi a bidiyo, da wa'adin mako ɗaya. Jama'ar nan dai suka sāke durƙusawa, da addu'o'i iri ɗaya, a majami'u iri ɗaya. Ran Laraba 3 ga watan Maris, ranar da wa'adin ke cika, aka sake shi da ransa.

Ba wanda zai iya cewa an fi yi wa ɗaya addu'a, ko ɗaya ya fi ɗaya bangaskiya. Wa'azin nan na fari, mai alkawarin kāriya, yana da abin faɗi a kan Pemi, amma a kan Michika sai ya yi tsit. Su kuwa 'Yan'uwa, a bisa koyarwarsu, tilas su ce Allah yana tare da wanda ya dawo, yana kuma tare da wanda bai dawo ba, har a sa'ar da aka fitar da shi, kuma shi Andimi da bakinsa ya riga ya faɗi haka tun yana da rai.

A watan Maris na 2023 Ekklesiyar ta yi bikin cika shekara 100, ofisoshinta sun riga sun koma Kwarhi. A 2024 aka zaɓi Rabaran Daniel Mbaya ya zama sabon shugabanta. A watan Afril na wannan shekara, sa'ad da satar 'yan matan Chibok ta cika shekara 10, fiye da 80 daga cikinsu ba su dawo gida ba, wasu iyayen kuwa sun riga sun rasu suna jira.